Gargaɗi kan 'yan farar mota masu sayar da dogayen sifikun falo

Wata biyu ke nan ina ɓoye wannan magana saboda kunya. Abin da ya sa na fasa shiru shi ne jiya na ga hoton irin kwalin da aka cuce ni da shi a Facebook, an sa masa farashi, mutane har suna rububin tambaya ko akwai saura.

Na daɗe ina son dogayen sifikun nan masu tsayawa a ƙasa, ɗaya dama da talabijin ɗaya hagu, don jin kiɗa da kallon fim. Kuɗin na kirki ya fi ƙarfina, sai nake ta ɗan tari. Ran nan da la'asar ina gidan mai, wata farar bas ta tsaya kusa da ni. Mutum biyu ne a ciki, sanye da riguna iri ɗaya masu tambari a ƙirji. Na gefen direba ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, don Allah minti ɗaya." Wai sun kai kayan sauti wani otal, a sito aka yi kuskure aka loda musu saiti ɗaya fiye da abin da ke takarda. In suka koma da shi manaja ne zai wawure, gara su sayar su raba kuɗin. Ya buɗe bayan motar, ga kwalaye sabbi fil, ya miƙo mini wata mujalla mai sheƙi da hoton sifikun, an buga farashi naira miliyan 1 da dubu 200. Har shafin intanet na kamfanin ya nuna mini a wayarsa. Ya ce in kawo dubu 350. Direban kuwa sai duba agogo yake yana cewa su fa za a neme su. Muka yi ta ja har aka tsaya a dubu 180, na tsallaka wurin mai POS na ciro na ba su. Ina tuƙi zuwa gida ina jin na yi wa duniya wayo.

A nan dabarar tasu take. Ba sifika suka fara sayar mini ba, sun fara mai da ni abokin cin amana ne. Tunda na yarda kayan na kamfani ne aka karkatar, da wane baki zan nemi rasit ko garanti? Da wane ido zan ce a jona in ji? Bayan abin ya fashe kuma, in je wurin 'yan sanda in ce me, na sayi kayan da na ɗauka na sata ne sai ya zama ba na sata ba? Alhali babu wani otal, babu manaja, babu kuskuren sito. Kayan nasu ne, don wannan sana'ar aka ƙera su, kuma ko a dubu 180 sun ci riba mai kauri.

Daga baya na gano abin ba a nan aka fara shi ba. An shafe shekaru da dama ana yin sa a Amurka da Kanada da Ingila da Ostireliya, har sunansa ke nan a can, damfarar sifikun farar mota. Labarin iri ɗaya ne: kaya sun yi rara, takarda mai farashin ƙarya, suna mai kama da na wani sanannen kamfani, da gaggawa. Yanzu da yawansu sun bar motar sun koma kasuwannin intanet, wasu kuma sun ƙara da na'urar haska fim a bango.

Da na haɗa a gida, ƙara dai akwai, amma kamar ana buga garwa. Muryar mai karanta labarai ta koma ta wanda ke magana daga cikin randa. Uwargida ta saurara ta ce, "Maigida, ai tsohuwar rediyonmu ta fi wannan daɗi." Na ce ba ta san kayan sauti ba. Kwana uku ɗaya sifikar ta fara karkarwa, na ɗauke su na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu.

Baba bai ce komai ba, ya ƙwanƙwasa jikin akwatin da ɗan yatsa, ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya sa sukundireba ya kwance. Abin da na gani ba zan manta ba. A gindin akwatin an manna guntun siminti da gam, shi ne nauyin da na ji na ce kaya ya yi ƙwari. Katakon siriri ne, irin na garin katako da aka matse, an lulluɓe shi da leda mai zanen itace. Daga waje bakin sifika huɗu ake gani a kowace, amma biyu kaɗai ke da waya. Ƙaramar ta sama, wadda ya kamata ta fitar da siririn sauti, ado ce kawai, ba a jona ta da komai ba. Babbar ta ƙasa kuwa maganaɗisunta bai fi murfin gwangwanin madara ba, an kifa masa ƙoƙon roba don ya yi kama da babba. Wurin da ya kamata a sami ɗan allon da ke raba sauti, mai kauri ya tafi babbar sifika siriri ya tafi ƙarama, wani ɗan kafasito guda ɗaya ne ke lilo. Baba ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, nawa ka ba su?" Na rage dubu 80 na faɗa masa, duk da haka sai da ya yi salati.

Shi ne ya koya mini karatun lambobin da ke jikin kwali. An rubuta 8000W PMPO da manyan baƙaƙe. Ya juya bayan amfilifayar da aka haɗo da su, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai ga sifika, ya nuna mini inda aka rubuta wutar da take ci: wat 60. Ya ce abin da ya ci 60 ta yaya zai amayar da 8000? Dutsen guga ma wajen wat 1000 yake ci, kuma kowa ya san yadda ƙaramin janareto ke nishi in an jona shi. PMPO lamba ce da ba ta da tsayayyen ma'auni, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ainihin ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai. Amfilifaya mai wat 40 zuwa 80 RMS a kowane ɓangare ta ishi falon gida har maƙwabta su yi ƙorafi. Ninka wat sau biyu ma desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan bambanci ne a kunne.

Wanda ke da niyyar saye da ɗan kuɗi kaɗan, kada ya biya sai an jona ya ji, kuma da waƙar da ya sani a wayarsa, ba wadda mai kaya ya zaɓa ba. Su kiɗa mai duma suke sawa su ƙure ƙara, don duma tana rufe aibi. A rage ƙarar, a sa muryar mutum yana magana, a sa abu mai kalangu ko goge, sannan a kara kunne a bakin kowace sifika a ji ko tana aiki. A ƙwanƙwasa akwatin: na kirki ba ya amsawa, shiru yake kamar an bugi bango. A duba om ɗin da aka rubuta, wato ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, yawanci 4 ko 6 ko 8 ne, a tabbatar amfilifayar gida za ta ɗauka, don mai om 4 tana sa ƙaramar amfilifaya zafi. A kuma sani yawancin dogayen sifikun nan ba a jona su da wuta kai tsaye, sai da amfilifaya, saboda haka kuɗinta na cikin lissafi.

Sunan ma a bincika, amma ba a wayar mai sayarwa ba. Buɗe shafin intanet ba wuya, kuma na waɗannan mutanen ba shi da adireshi, ba shi da dillali, sai hotuna da farashi. Kaya irin na Yamaha ko JBL ko Polk ko Wharfedale za ka tarar mutane barkatai sun yi magana a kansu, masu yabo da masu kushe, kuma lambar samfurin da ke bayan akwatin za ta dace da ta shafin kamfanin. Su ma ana buga jabunsu, shi ya sa shago mai rasit, wanda gobe za ka koma ka same shi, ya fi bayan mota.

A ganina ma son dogo ne ya kai ni. Da wannan kuɗin, gajerun sifiku biyu na kirki, ko da na hannu ne, sun fi dogaye huɗu na banza, daga baya mutum ya ƙara ta tsakiya don muryoyin fim. Abin da na yi ke nan yanzu, Baba ne ya raka ni muka zaɓo na hannu, ya sa mita ya auna su a gaban mai shagon kafin in biya.

Wanda ya sa hoton jiya a Facebook ya rubuta wai ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga Turai, zai yi tafiya shi ya sa yake karyarwa, kuma sai an tura rabin kuɗi zai turo da kaya ta tasha. Na tambaye shi a ina zan zo in ji sautinsu. Ko minti goma ba a yi ba ya toshe ni.