Shagon Gyaran Wutar Mota a Jidda: Aiki Mai Inganci, Amma Sai da Haƙuri

A kudancin Jidda akwai wani ƙaramin shago na gyaran wutar mota wanda direbobi Hausawa na unguwannin Hindawiyya da Karantina suke yawan kai wa aiki, kuma a ganina ya cancanci yabo, domin dattijon da yake riƙe da shi ba ya cikin masu zare fiyus (ɗan abin da yake tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa) ɗin da ya ƙone su soka sabo su sallami mutum.

Matsalar da na kai masa ita ce fiyus na fitilun birki, wanda yakan ƙone jim kaɗan bayan an sauya shi. Da farko ya ɗauki fitilar gwaji ya taɓa ƙananan ƙarafa biyu da ke bayan fiyus ɗin ba tare da ya cire shi ba: gefe ɗaya ya kawo wuta, ɗayan bai kawo ba, wanda ya tabbatar da cewa ya tsinke. Daga nan ya ce mini, "Alhaji, fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, akwai inda waya take taɓa bodi." Maimakon ya ci gaba da ƙona sababbi, sai ya haɗa ƙwan fitila a gurbin fiyus ɗin, ya sa yaronsa ya taka birki, shi kuma ya riƙa bin wayoyin yana motsa su. Muddin waya tana taɓa ƙarfe ƙwan yana haske sosai, da ta rabu kuwa sai ya dushe. Da wannan dabara ya gano wurin, a cikin robar da wayoyi suke ratsawa zuwa murfin but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, inda buɗewa da rufewa na shekaru suka cinye rigar wayar. Zafin ƙasar nan yana busar da roba har ta tsage, danshin teku kuma yana sa bakin wayoyi tsatsa, saboda haka irin wannan lalacewa ba baƙuwa ba ce a Jidda.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙin yarda da ya yi a ƙara girman fiyus. Kowane launin fiyus da ƙarfin wutar da yake ɗauka, wanda ake aunawa da amfiya: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Wanda ya sa 30 a gurbin 10, ko ya naɗa zaren tagulla kamar yadda wasu suke yi a bakin titi, ya mayar da wayar motar ita ce za ta narke, kuma daga nan gobara take tashi. Kafin ya sallame ni ya auna batir da mita, ya samu volt 12.6 a kashe, kusan 14 da injin yana aiki, wanda ke nuna caji lafiya yake.

Sai dai shagon yana da nasa rauni. Babu wurin zama mai sanyi, ba a faɗin kuɗin aiki sai an gama, kuma ladansa ya ɗara na maƙwabtansa. Mai gaggawa zai gaji, domin dattijon ba ya barin mota ya koma wata. Ga wanda zai je, ya fi kyau ya isa da sassafe ko bayan La'asar, ya tafi da fiyus ɗin da ya ƙone, kuma ya nemi a yi ciniki tun kafin a kwance komai.