Ƙaronmu a kwalbar Turawa: labarin karatun zane a Fulorens

'Yan'uwa masu karatun zane a Zariya da Maiduguri da ke ta tambayar yadda makarantun Italiya suke, ga bayani. Wuraren da ake zuwa birnin Fulorens na Italiya dominsu yawanci ƙananan makarantu ne masu zaman kansu, irin su Florence Academy of Art da Daniel Graves ya kafa a 1991, da Charles H. Cecil Studios. Da Turanci ake koyarwa, kuɗin makaranta kuwa sai mai ƙashin arziki ko wanda ya samu tallafi. A shekarar farko ba ruwan ɗalibi da fenti, daga fensir sai gawayi. A Florence Academy ana farawa da kwafar zanukan koyo na Charles Bargue, wani mai zane Bafaranshe, da aka buga a Faris tsakanin 1866 da 1871, daga nan a koma kan sassaƙen filasta: kunne, ƙafa, kai.

Tsarin awon shi ne abin da ke wahalar da sabon zuwa. Ana tsayar da allon zane cak, dab da abin da za a zana, sai ɗalibi ya ja da baya kamar ninki uku na tsawon zanen, ya manna salatif a ƙasa daidai inda ƙafafunsa suke. Daga wannan wurin kaɗai ake kallo. Zai miƙe hannu da zare mai ɗan nauyi a ƙarshensa irin na magina, ya rufe ido ɗaya, ya auna, ya taka zuwa allo ya ɗiga alama, ya dawo ya duba. Yini guda ana wannan kai da kawowa. Idan ƙafa ta gusa daga kan salatif, ko gwiwar hannu ta lanƙwashe, ko yau an rufe idon dama gobe na hagu, duk awon ya rushe, kuma ba za a gane ba sai hanci ya ƙi zama tsakanin idanu. Shi ya sa kowa ke yawo da ɗan madubi, don idan aka kalli zane a juye karkatarsa na fitowa fili. Tagogin ɗakin ta arewa suke fuskanta don kada inuwa ta riƙa yawo da rana. Zana sassaƙe ɗaya kan ci makonni.

Gawayin ma ba irin wanda muka sani ba ne. Akwai na kamfanin Nitram mai daraja uku, H da HB da B, daga mai tauri zuwa mai laushi, kuma irin ingancin sandar da ka saya yau shi za ka samu in ka sake saye bayan wata shida. Da sanfefa ake feƙe shi, ana juyawa a hankali har bakinsa ya yi tsini dogo siriri. Wanda ya danna da ƙarfi zai karya shi ya koma farko. Takardar da aka fi so ita ce Fabriano Roma ta auduga zalla, wadda ke jure gogewa sau da yawa. Takarda mai santsi ba ta riƙe gawayi, mai arha kuma da ka goge sau uku ta tashi gashi. Garin Fabriano na Italiya tun ƙarni na 13 yake sana'ar yin takarda. Ko magabatanmu sun san takardar Italiya: da yawa daga Alƙur'anan da aka rubuta da hannu a Borno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, idan aka ɗaga warƙa a haske za a ga tambarin jinjirin wata uku, irin wanda masana'antar Galvani ta Pordenone ke bugawa.

Duk wannan mutum zai yaba ya wuce. Abin da ke tsaya wa Bahaushe a rai yana kantunan kayan zane, irin Zecchi da ke titin Via dello Studio kusa da babban cocin garin. Cikin kwalaben garin launi da ke jere har rufi, sai ga ƙaro. Ƙaro dai na gida, wanda almajiri ke jefawa a tawada. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi a duniya, Chadi da Nijeriya na biye, a wajenmu kuma Borno da Yobe da Jigawa ne gidansa. Italiya ba ta da bishiyarsa ko ɗaya. Amma a nan za ka same shi iri uku: ƙwaya tas babu ɓawo babu yashi, gari mai laushi, da wanda aka riga aka narkar. Da giram ake auna shi, farashin 'yar kwalba kuma idan ka juya shi zuwa naira sai ka yi salati.

Abin takaicin bai tsaya ga kuɗi ba. Mai kanti zai zauna ya koya maka amfani da kayan garinku, kuma wallahi gaskiya yake faɗa. Awo ɗaya na ƙaro, awo biyu na ruwa, a sikeli. A jiƙa kwana ɗaya zuwa biyu, ana motsawa. In ana sauri a sa kwalbar cikin ruwan ɗumi, kada a tafasa. A tace da ƙyalle mai laushi, a ɗiga man kanumfari kaɗan don kada ya yi fumfuna, a ajiye a firji. Wanda zai haɗa fentin ruwa ya ƙara 'yar zuma, ita ke hana shi bushewa ƙarau ya ƙi narkewa daga baya. In ƙaro ya yi yawa, tawada za ta yi ƙyalli ta tsage ta ɓare daga takarda. In ya yi kaɗan, da ka shafa yatsa launin ya biyo ka. Malaman zaure da masu zayyana sun san wannan duka a hannunsu tun kaka da kakanni, har ma sun san haɗin bagaruwa da ƙarfe mai baƙin da ba ya wankuwa. Sai dai wa ya auna ya rubuta? Ka tambaya a ce maka “ɗan daidai”. Ranar da malam ya rasu, daidai ɗin ya tafi da shi.

Sannan ga halinmu a kasuwa. Ƙaron dakwara shi ne mai daraja ta ɗaya, yana narkewa garau. Sai a gauraya shi da na wasu itatuwa, da ɓawo da ƙasa, don buhu ya yi nauyi. Bature ya saya a farashin gauraye, ya kai Faransa ya tsince ya tace ya busar, ya sayar wa masu lemon kwalba da magani da masu zane. A harkar ciniki idan ana son a ce ƙaro na kirki sai a ambaci Kordofan, wani yanki na Sudan. Ban ga dalilin da zai hana sunan Gashuwa ko Nguru hawa kwalba ba, in ban da wannan algus ɗin. Tsintar ba ta buƙatar inji, tabarma ce da faifai da haƙuri. Haka gawayi: tirela-tirela muke lodawa, amma ɗalibi a Samaru na neman sandar zane ta kirki yana rasawa, alhali siraran rassa ne ake ɓarewa a cusa a gwangwani mai 'yar huda a murfi, a sa a wuta har hayaƙi ya daina fita, a bari ya huce kafin a buɗe. In aka buɗe da zafi iska ta shiga, toka za a tarar.

Kada kuma a ɗauka komai a nan zuma ne. Mutanen da suka iya tace ƙaro ba su iya sallamar baƙo da wuri ba. Cikin kwanakin aiki 8 da isowa dole ɗalibi ya nemi takardar zama. A gidan waya ake karɓar fom, a sayi kan sarki na Yuro 16 a shagon taba, a biya Yuro 30 na aikawa ban da kuɗin katin kansa, a haɗa da shaidar makaranta da inshorar lafiya da kwafin fasfo. Sai a ba ka rasit da ranar zuwa dangwala yatsa, wadda kan kai watanni. Rasit ɗin nan shi ne shaidarka har kati ya fito, kar ka kuskura ya ɓace. Ɗaki kuwa masu yawon buɗe ido sun tsauwala kuɗinsa, tsofaffin gidajen ga sanyi. A Disamba kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi, yatsu sun ƙage, mutum ya fito daga aji yana marmarin kunun tsamiya da ƙosai, babu.

Magana ɗaya da ya kamata kowa ya sani kafin ya biya ko sisi: a waɗannan makarantu kusan rabin yini ana zana mutum ne tsirara, mace ko namiji, yana tsaye a gaban aji, kuma jigon manhajar ke nan, ba a tsallake shi. Wanda zuciyarsa ko gidansu ba za su ɗauka ba, ya rubuta wa makarantar tun yana gida ya tambayi ko suna da gajeren kwas na zanen fuska ko na sassaƙe kaɗai, ya karɓi amsar a rubuce.