WordPress ko Joomla, wanne ne fulogin suka fi daɗewa a kai in an yi mizajur?

Ƙanena, ka ce ka samu aikin sit na wata ONG a Tahoua, kuma tsoronka shi ne fulogin, ƙananan kod ɗin nan da ake ƙara ma sit don ya yi wani aiki, su mace maka duk ran da sabon bersiyon ya fito aka yi mizajur, wato aka sabunta, to WordPress za ka ɗauka ko Joomla. Duka biyun kayan gina sit ɗin intanet ne, ina riƙe ma mutane su nan Yamai, kuma halinsu ba ɗaya ba ne sam.

WordPress shina fiddo babban bersiyon sau biyu ko ukku a shekara, amma masu shi ba su cika zubar da tsohon kod ba, shi ya sa za ka ga fulogin da aka rubuta tun da daɗewa har yanzu shina aiki. Ba wai ba ya ɓata ma mutane rai ba fa. A Disamba 2018 bersiyon 5.0 ya zo da Gutenberg ya canja wurin rubutu gaba ɗaya, mutane da yawa suka ruga suka sa Classic Editor, fulogin mai maido da tsohon wurin rubutu. A Agusta 2020 kuma 5.5 ya daina loda jQuery Migrate, wani kod mai tallafa ma tsohon kod, sai ga menu da maɓallan tsofaffin tem (kwalliyar sit) da fulogin sun ƙi motsi, har sai da ƴan WordPress ɗin da kansu suka fiddo Enable jQuery Migrate Helper don a lallaɓa.

Joomla kuwa shiru zai yi maka shekaru, sa'annan ya zo da babba. Daga 3 zuwa 4, wanda ya fito a Agusta 2021, tem ɗinka da yawancin ekistansiyon, wato irin fulogin ɗin Joomla, sai mai su ya sake masu aiki, in ya watsar da su to sai neman wasu, ga shi an rufe tallafin Joomla 3 a Agusta 2023. WordPress kamar yaɓen gida ne kafin damina, kowace shekara ka ɗan shafa, Joomla kuwa rushe ɗaki ne a tada sabo. Gaskiya daga 4 zuwa 5 a Oktoba 2023 abin ya yi sauƙi sosai, don sun haɗo da fulogin mai riƙe tsofaffin ekistansiyon su ci gaba da tahiya. 

Inda Joomla ya burge ni shi ne gargaɗi. Tun 3.10, kafin ka danna mizajur zai jero maka ekistansiyon ɗinka ya nuna wanne ya shirya wanne bai shirya ba. A WordPress lambar nan da kake gani cewa an gwada fulogin har bersiyon kaza, mai fulogin ɗin ne ya rubuta ta da hannunshi cikin readme.txt, ba wanda ya bi ya duba ko gaskiya ne. Don haka ni ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe nike kallo, da ko mai shi na amsa koken mutane, in kuma shafin ya sa gargaɗin cewa ba a gwada shi da manyan bersiyon ukku na baya-bayan nan ba, ko kyauta ban so. WordPress ya fi ƙarfi wajen magani bayan ɓarna: tun 5.2 in fulogin ya kada sit zai aiko maka imel da hanyar shiga ka kashe shi, tun 6.6 kuma in mizajur mai yin kanshi ya kada sit, sai ya maida tsohon. Sai dai in fom ne ya daina aika saƙo a ɓoye, wannan bai gani, sai kiliyan ya kira ka da faɗa.

Kuma sau da yawa laifin na PHP ne, yaren kod ɗin da duka biyun ke tahiya a kai, can wajen masu riƙe maka sit. Tallafin PHP 7.4 ya ƙare tun Nuwamba 2022, suna ɗaga ka zuwa 8 sai tsohon kod ya faɗi, WordPress ne ko Joomla duk ɗaya.

Ni dai a aikinka WordPress zan ɗauka, don kai kaɗai ne kuma in fulogin guda ya mace za ka samu madadi nan da nan, da sharaɗin kada ka cika shi da tarkace. Don Allah ka rabu da fulogin na kuɗi da aka fasa ake rabawa a WhatsApp, na san biya da kat yana wuya wajenmu, amma waɗannan ba su samun mizajur kuma ba ka san mi aka cusa ciki ba. Ka yi kwafin sit ɗin a gefe ka fara gwadawa can, ka ajiye kwafin fayiloli da bazdone (rumbun bayanan sit) kafin ka taɓa na gaske, ka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya kana buɗe shafuka da fom. In rezo ya yanke maka tsakiyar aiki sit ya maƙale shina cewa ana gyara, goge fayil ɗin .maintenance kawai. Sa'annan tun wajen kontara ka sa kuɗin kulawa na wata-wata, don wanga aiki ba ya ƙarewa ranar da ka miƙa masu sit.