Asibitin da ya fara duba maƙogwaron ƙanwata kafin ya rubuta mata magani

Ƙanwata tana aji uku a jami'a a Zariya, kuma ta yi kusan shekara guda al'adarta a rikice: wani watan ba ta gani, wani watan kuma jinin ya ɓalle har ya haura kwana goma. Sau biyu ana ba ta maganin sanyi a kemis ba tare da ta ga sauƙi ba. Da kasala ta fara hana ta karatun jarrabawa ne na kai ta wani asibiti mai zaman kansa da ke da sashen mata.

Likitar da muka gani ba ta yi gaggawar ɗaukar biro ba. Ta tambayi yarinyar ko gashinta yana zuba, ko tana fama da taurin bayan gida, ko tana jin sanyi lokacin da abokan ɗakinta ke neman fanka. Daga nan ta zagaya bayanta, ta ɗora yatsu a gaban wuyanta, ta miƙa mata kofin ruwa ta ce, "Haɗiya a hankali, 'yata." Ta bayyana mana cewa ƙullin tayiroyid, wanda kumburinsa muke kira maƙoƙo, yana iya yin rauni ba tare da wuya ya kumbura ba, kuma rauninsa kan dagula al'ada, ya hana ƙwan haihuwa fita a kan lokaci, har ya jinkirta samun ciki bayan aure. Sakamakon gwajin TSH, wato gwajin jini da ke nuna yadda tayiroyid ke aiki, wanda a mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0, ya fito sama da haka nesa ba kusa ba, alamar tayiroyid ɗinta ya yi rauni, sai aka ɗora ta a kan levothyroxine, maganin da ke cike gurbin sinadarin tayiroyid, aka ce ta dawo bayan mako shida a sake aunawa.

Sashen ba da magani kuwa bai kai darajar likitar ba. An miƙo mana levothyroxine tare da ƙwayoyin ƙarin jini a leda ɗaya, babu wanda ya ce mana uffan, alhali sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini yana hana hanji tsotse na tayiroyid, shi ya sa ake raba su da awa huɗu. Sai a zuwanmu na biyu muka ji wannan, muka kuma ji cewa da ruwa zalla ake shan maganin tayiroyid ɗin, aƙalla rabin awa kafin karin kumallo. Ɗalibar da ta saba kurɓar shayi a tsaye tana saurin zuwa lacca tana buƙatar a faɗa mata haka tun ranar farko.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne teburin yankar kati, inda ma'aikaciya ta ɗaga murya a gaban jama'a tana tambayar ko budurwa ce ko matar aure. Irin wannan ne yake sa 'yan mata su haƙura da ciwo a ɗakin kwana. Kuɗin gwajin ma ya yi wa aljihun ɗaliba nauyi.

Duk da haka zan sake kai wata can, saboda wannan likita. Yanzu watanni huɗu ke nan, al'adar ƙanwata ta daidaita, kuma ta zauna jarrabawarta.