Hattara da masu tallan farautar safari mai araha

Jama'a, wannan gargaɗi ne ga duk mai sha'awar zuwa farauta Afirka ta Kudu ko Namibiya, musamman wanda ya ci karo da irin tallan nan a Facebook ko Instagram: Bature ya tsuguna bayan wata dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, a ƙasa an rubuta mako guda, dabba biyar, masauki da abinci da bindiga har da biza, a farashin da ko mai saye zai ji kunyar neman ragi. Sai a ƙara da cewa gurbi biyu ya rage, a turo kafin alƙalami kafin Juma'a. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ita farautar safari sana'ar gaskiya ce, halattacciya a dokokin ƙasashen. A lardunan Limpopo da Gabashin Kef na Afirka ta Kudu da kuma tsakiyar Namibiya akwai gandaye masu faɗin dubban hekta inda baƙi ke biya su harbi kudu, impala, gemsbok (dukkansu dangin barewa ne), jakin dawa da irin su kanki da gwambaza. Kuɗinta kashi biyu ne. Akwai na kwana, wanda ya haɗa ɗaki, abinci, mota, masu bin sawu da ƙwararren maharbin da zai raka ka, shi ne suke kira PH, kuma yawanci yakan kama dala 300 zuwa 500 a rana. Sai na kowace dabbar da ka kayar, inda namijin kudu ɗaya kan wuce dala 1,000 nesa ba kusa ba. Wanda ya san wannan lissafi, da ganin tallan can ya san ba za ta yiwu ba.

Mafi yawan 'yan damfarar nan ko taƙi ɗaya na fili ba su da shi. Kamfani na gaskiya suke samu, su kwashe hotunansa da sunansa da tambarinsa, su buɗe shafi mai kama da nasa da bambancin harafi ɗaya a adireshin. Idan ka bincika sunan a intanet za ka ga yabo daga Amurkawa da Jamusawa, hankalinka ya kwanta, alhali yabon na wasu ne. Hira duk a WhatsApp. Ka nemi a kira ka ta bidiyo daga sansanin, a ce maka daji ne babu sabis. Ranar biya kuma lambar asusun wani mutum za a turo, ba na kamfani ba, ko a ce Western Union ko kirifto ya fi sauri. Wani lokaci ma akwai "wakilinsu na Najeriya" da zai karɓa da naira don ya sauƙaƙa maka wahalar canji. Wannan sauƙin shi ne tarkon.

Abin da ke tona su lasisi ne. A Afirka ta Kudu baƙo ba ya farauta sai ta hannun mai shirya farauta da ke da lasisi, tare da rakiyar PH mai lasisi, kuma gwamnatin lardi ce ke bayarwa. Ta Limpopo tana Polokwane. Doka ta kuma wajabta rubutacciyar yarjejeniya tsakaninku kafin a shiga daji. A Namibiya ma'aikatar muhalli da gandun daji da yawon buɗe ido ce ke fitar da takardar izini da sunan mafarauci kafin a fara, lokacin farautar kuma daga 1 ga Fabrairu ne zuwa 30 ga Nuwamba. Saboda haka duk wanda ya tallata maka farautar ƙaho a Namibiya a hutun Disamba, maƙaryaci ne ko kuma zai kai ka ga ɗauri. Nemi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, ka tambayi hukumar da ta bayar. Akwai kuma ƙungiyoyin sana'ar, PHASA ta Afirka ta Kudu da aka kafa a 1978 da NAPHA ta Namibiya tun 1974. Shiga cikinsu ba dole ba ne, amma wanda ya manna tambarinsu a shafinsa ya kamata su san shi. Lambar wayar da za ka kira, kai za ka nemo ta da kanka. Idan wadda ya ba ka ka kira, abokin cin mushensa ne zai ɗauka ya wanke shi tas.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan ciwo, don kamfanin na gaskiya ne, ka kuma yi duk binciken da ya dace. Ɓarayi ke kutsawa cikin imel ɗinsu su yi lamɓo suna karanta hirarku. Da an zo maganar biya sai ka ga saƙo da takardar kuɗi sak irin tasu, ana ba ka haƙuri wai sun sauya banki. Ka tura, kai kana jiran tabbaci, su suna jiran kuɗi. Duk saƙon da ya zo da sabuwar lambar asusu, kada ka taɓa komai sai ka kira mutumin da muryarsa a tsohuwar lambar da kuka saba, ya karanto maka lambar asusun da bakinsa.

Sai kuma masu lasisin da ba su da amana, kuma su ne suka fi wuyar ganewa. Za a ɗauke ka daga filin jirgin OR Tambo na Johannesburg lafiya lau, ka ci ka sha, sai ka tarar "dajin" ɗan shinge ne da za ka zagaye kafin azahar, dabbobin kuma an sayo su a gwanjo an sako su kwanaki kaɗan kafin zuwanka. A ganina wanda ya san ɗanɗanon bin sawu ba zai kira wannan farauta ba. Tambayi hekta nawa ne, a fili ɗaya ko a rarrabe, dabbobin a nan suke hayayyafa ko kawo su ake yi, kuma baƙi nawa za ku haɗu a makon. Duba jerin dabba biyar ɗin ma da kyau, domin sau da yawa da gadu ake cike gurbi saboda arha, kai kuwa Alhaji me za ka yi da hauren gadu a falo? Ranar komawa gida ne ake baje sauran lissafin: hayar bindiga, harsashi, ɗauko ka daga filin jirgi, harajin kashi 15 cikin 100, kuɗin ɗan rakiyar da bai yi harbi ba. Dabbar da ka jikkata ta gudu kuwa za ka biya ta cif kamar ka kashe. Wannan ƙa'ida ce ta ko'ina, ba zamba ba ce, amma mai gaskiya tun farko yake rubuta ta.

Nama ba ya biyo ka gida, na mai gandu ne, sai wanda aka dafa maka a can. Ƙaho da fata ne naka, su ma sai an tsaftace su da magani, an samu takardar likitan dabbobi da izinin fitarwa, wasu kamar jakin dawan dutse na Namibiya har da takardar CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Aikin kan ɗauki watanni, kuma a nan ake yi wa mutane garkuwa da kayansu: kana Kano ko Abuja ana turo maka sabon caji, yau na ajiya, gobe na akwati. Kafin ka tashi daga sansanin ka sa hannu a rajistar farauta da ta lissafa kowace dabba, ka karɓi kwafi, ka kuma san sunan kamfanin da zai yi aikin fatun da farashinsa a rubuce.

Maganar biza ma kada a ruɗe ka. Mai shirya farauta wasiƙar gayyata kawai yake iya ba ka, ita ce kuma ake haɗawa da fom ɗin SAPS 520 na 'yan sandan Afirka ta Kudu idan mutum zai shiga ƙasar da bindigarsa. Biza hukumomin gwamnatin ƙasar ke bayarwa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa yau ɗin nan ya nemi a dakatar ko a dawo da su, domin ba sa kwana a asusun da suka faɗa. Ya adana hirar da rasiɗin da hoton shafin kafin a goge, ya kai ƙara EFCC, sannan ya sanar da kamfanin da aka saci sunansa su sa a rufe shafin.