Sharhina kan ɗakin sa ido na yara, bayan kwana guda a ciki

Da misalin ƙarfe 11 na dare muka isa sashen gaggawa na yara a wani asibitin gwamnati da ke Kano, ɗana mai wata 16 yana saɓe a kafaɗata, bayan ya wuni yana gudawa da amai har idanunsa suka faɗa. Na tafi ne da niyyar a ba mu gado a ɗaura masa ƙarin ruwa, domin a ganina a lokacin, yaron da ba a sa wa kanula ba, ba a duba shi ba. Likita ya ja fatar cikinsa ya saki, ya ba shi ruwa ya ga yana sha da zalama, sannan ya tura mu ɗakin sa ido, inda ake riƙe yaro na 'yan sa'o'i kafin a yanke shawarar kwantar da shi ko sallamarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai da na ga nas ta taho da kofi da cokali. Na ce mata, "Sista, ruwa fa muka zo a ƙara masa." Ta ce, "Maman yaro, wannan ma ruwa ne, kuma tunda yana iya haɗiya, babu dalilin huda masa jijiya." Ta aza shi a sikeli, kilo 10, ta bayyana mini cewa mililita 75 na ruwan gishiri da sukari ake lissafa wa kowane kilo, wato zai sha 750 cikin sa'o'i 4. Ta zauna a bakin gadon tana ba shi cokali-cokali, ya kelaya mata amai a farar rigarta, amma ko fuska ba ta sauya ba. Ta jira minti 10, ta ci gaba a hankali, sannan ta miƙo mini cokalin. Kafin kiran sallar asuba ya jiƙa zanena da fitsari, kuma ban taɓa murna da fitsarin yaro irin ta ranar ba. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri.

Sai dai ba zan yabi ɗakin kansa ba. Yara biyu aka haɗa a gado ɗaya, ɗayan yana tari ba ƙaƙƙautawa, kuma babu kujerar da uwa za ta zauna, don haka a tsaye na yi rabin daren. Ƙwayar zinc ɗin da aka rubuta mana ta kwana 14 babu ita a ɗakin magani, sai da maigidana ya fita neman kemis da tsakar dare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sallama: tun ƙarfe 6 aka ce yaro ya warware, amma ba a samu mai sa hannu a katinmu ba sai ƙarfe 10, alhali ga wata uwa a bakin ƙofa rungume da jaririyarta mai zazzaɓi tana jiran gadon da muke kai.