Roba, beriliyam ko lu'ulu'u: da me za a yi ɓawon kafson?

Ba kaya ba ne da za ka shiga kasuwa ka taya, amma masu harkar haɗe ƙwayoyin zarra da hasken lesa su ma dole su zaɓa kafin su ba da oda, kuma in aka zaɓi wanda bai dace ba shekaru ne za su tafi a banza. Abin da ake magana a kai ɗan kafso ne mai faɗin kamar milimita 2, bai fi ƙwayar masoro ba, a cikinsa ake daskarar da man, wato dutiriyam da tiritiyam, nau'o'in haidirojin masu nauyi, a sanyin kusan digiri 255 ƙasa da sifili. A NIF, babbar cibiyar gwajin lesa da ke Livermore a Kalifoniya, cikin wani ɗan gwangwanin zinari ake rataye shi, hasken lesa guda 192 su doki bangon gwangwanin ta ciki, bangon ya fid da eksire, eksiren ya cinye bayan ɓawon ya yi waje da ƙarfi, abin da ya rage kuma ya ruguje ciki ya matse man. To da me za a yi ɓawon, nan ake kai ruwa rana.

Roba dai ita ce tsohuwar hannu. Tana da santsi, haske na ratsa ta, kana iya leƙa ƙanƙarar ciki ka ga ko ta kwanta daidai. Matsalarta ba ta da nauyi, kusan giram 1 a santimita kubik, dole a yi ɓawon da kauri a kuma ja bugun lesar ya yi tsawo, kafin a gama bangon gwangwanin ya kumbura ya fara tare hanyar hasken. Da ita aka yi ta fama daga 2009 zuwa 2012 wuta ba ta kama ba, wato makamashin da aka samu bai kai wanda lesar ta zuba ba.

Shi kuwa beriliyam, in takarda za ka bi wallahi ba ka da na biyunsa. Ƙarfe ne mara nauyi, na 4 a teburin sinadarai, nauyinsa kamar 1.85, eksire na shiga jikinsa sosai ya kwashe abu mai yawa cikin sauri, wannan ke ba da turi mai ƙarfi ko da gwangwanin bai yi zafi can-can ba, kuma saurin ƙonewar yana taimakawa wajen danne 'yan kurajen da ke kan ɓawon kar su girma su yaga shi. Shi ya sa masanan cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka suka daɗe suna tallarsa. Amma tambayi wanda zai ƙera. Fesa ƙarfen ake yi a hankali a kan wani ɗan ƙwallon roba, ana surka shi da tagulla kaɗan, sai a huda rami siririn da bai kai kaurin gashi ba a gasa a ƙone robar ta fice ta nan. Ɓawon da ke fitowa ƙwaya-ƙwaya ne a jere kamar ginshiƙai, iska na iya sulalewa ta tsakaninsu, ga iskar agon, wadda ake amfani da ita wajen feshin, da ke maƙalewa a ciki. Haske ba ya ratsa shi, sai da hoton eksire za ka duba ƙanƙarar. Sannan uwa uba ƙurarsa guba ce, tana sa ciwon huhu da ba ya warkewa, ko goge shi za a yi sai an tanadi ɗaki na musamman da kayan kariya, kuma duk wannan a cikin kuɗin yake.

Lu'ulu'u na ƙira, wato daimon da ake haɗawa a masana'anta, shi ya zo daga baya ya kwashe kasuwar. Nauyinsa kamar 3.5, don haka ɓawo siriri ya isa, bugun lesa gajere, a gama kafin gwangwanin ya rikice. Shi ma fa ba waliyyi ba ne, yana zuwa da 'yan ramuka da kogo a jiki, sai an zauna ana tsince masu kyau ɗaya bayan ɗaya, kuma bugun farko dole ya yi ƙarfi don ya narkar da shi, wanda hakan ke rage yadda man zai matsu. Duk da haka da shi aka ci nasarar 5 ga Disamba 2022, aka zuba makamashin lesa megajul 2.05 aka samu 3.15 daga man, kuma kamfanin Diamond Materials na Freiburg a Jamus ne ke ƙera irin waɗannan ɓawon.

Ni dai in ni ne da oda a hannu, kuma na'urata irin ta NIF ce mai gwangwani, lu'ulu'u zan ɗauka ban tsaya dogon tunani ba, don shi aka gani a ƙasa. Beriliyam sai in ina da masu ƙira da suka ƙware da wurin da zai riƙe ƙurarsa, kuma gwangwanina ba ya kai zafin da ake so, nan ne zai biya kuɗinsa. In kuwa kai tsaye lesar ke dukan kafson babu gwangwani, kamar yadda ake yi a OMEGA mai haske 60 a Jami'ar Rochester, to ka bar wa kanka wahala, robar nan da aka raina ita suka fi harbawa har yanzu.